Kafin ka ƙure wa furosesa gudu, duba ram ɗinka tukuna

Ina gaida masu saurarenmu na cikin Yelwa, da na Wara da sauran ƙasar Ngaski, da 'yan uwa na Shanga, har da waɗanda ke can bakin ruwa, sai sun hau tudu kafin netiwok ya kama. Wanda datarsa ba ta isa ya saurara ba, ga shi nan an rubuta masa, sai ya karanta a hankali.

Yau maganar kwamfuta za mu yi. Na san wani zai ce, kai da kullum bakinka na kan aikin yi da makaranta, me ya kai ka cikin kwamfuta? To ai maganar ɗaya ce. Matashin da ke haɗa bidiyon biki, da mai zanen fosta, da mai shagon buga takardu, da mai koyon rubuta manhaja, kwamfutar nan ita ce gonarsa. Kuɗin da ya zuba mata ba tsintarsu ya yi ba. In ya yi kuskuren saye, ko ya lalata ta da hannunsa, ba lallai ya sake haɗa irin wannan kuɗi cikin shekara ɗaya ba.

Abin da ya jawo shirin, wani ƙanena ne. Ɗan ƙanwar babana ne, daga wajen Wara, wato taubashina, don haka ina da damar in yi masa tsiya a bainar jama'a. Ba zan kama suna ba, kuma shi ya yarda in ba da labarin.

Yaron nan yana ɗaukar bidiyon biki da suna da walima. Ya daɗe yana editin a waya, har ya tara kuɗin albasar rani ta shekara biyu, ya ce shi kam kwamfutar tebur zai haɗa da kansa. Ya yi oda daga Kano, aka sako masa kaya a mota. Furosesa ya ɗauki Ryzen 5 5600G, madabod mai B450, sai ram sanda ɗaya, giga 8, mai gudun 2666. Bayan wata biyu ya ga giga 8 ta yi masa kaɗan, ya samu wata sandar ta hannu, ita ma giga 8, ta wani kamfani daban, mai gudun 3200. Ya soke ta a gurbin da ke maƙwabtaka da ta farko.

Daga nan ya faɗa YouTube. Ya ga wani Bature zaune a ɗaki mai sanyi yana nuna yadda ake ƙara wa furosesa gudu fiye da yadda kamfani ya saita ta, abin da ake kira obakulokin. Mutumina ya shiga bayos, ya kunna XMP, ya tura furosesa zuwa gigahaz 4.6, ya ƙara mata bolteji. Kwamfuta ta tashi lafiya lau. Ya yi ta yi mini baƙar magana, wai ni na yi digiri amma shi ne injiniya.

Sai ga watan Afrilu, ga bidiyon wani biki da ya karɓi rabin kuɗi. Cikin dare, janareta na shan mai, yana fitar da bidiyo sai allo ya koma shuɗi. Ya sake, ya sake komawa shuɗi. A karo na huɗu aikin ya kammala, amma da ya buɗe bidiyon, wasu wurare sun farfashe, daidai wajen kai amarya. Dangin amarya na ta kira. Ƙarfe ɗayan dare ya buga mini waya, muryar nan duk ta yi sanyi, ya ce, "Yaya, furosesar nan jabu aka sayar mini."

Ba jabu ba ce. Kuma mai kayan bai cuce shi ba. Amma kafin in gaya muku abin da muka gano, bari mu fahimci yadda kayan ke aiki da juna.

Mu 'yan Kebbi mun san injin casar shinkafa. To ɗauki furosesa a matsayin injin. SSD ko had-dis shi ne sito, inda buhuna ke ajiye ko an kashe inji. Ram kuwa shi ne filin da ke gaban inji, inda ake zube shinkafar da za a casa yanzu, tare da yaran da ke ɗiba suna zubawa a bakin inji. Ƙara wa furosesa gudu daidai yake da ka murɗa wa inji totur. To in yaro ɗaya ne ke ɗibar shinkafa, ka murɗa totur har ƙarshe, me ka ƙara? Ƙara da hayaƙi da shan mai. Inji zai yi ta juyawa fanko yana jiran kaya.

Shi gudun furosesa lissafinsa mai sauƙi ne. Akwai agogon tushe, a kwamfutocin yanzu megahaz 100 ne, sai lambar da ake ninkawa da ita. In lambar 44 ce, ka samu megahaz 4,400, wato gigahaz 4.4. In ka mayar da ita 46, ka samu 4.6. Shi ke nan. Ita 5600G ɗin da yaron nan ya saya, gudunta na tushe 3.9 ne, kuma da kanta tana hawa har 4.4 in aiki ya buƙata kuma zafi bai hana ba. Daga 4.4 zuwa 4.6, ku yi lissafin da kanku, ko kashi 5 cikin 100 bai kai ba. Ku riƙe wannan lamba, za mu dawo kanta.

A da can, alaƙar ram da ƙarin gudun furosesa ta fi haka tsauri. Lokacin Core 2 Duo, wajen 2006, yawancin furosesoshi ba sa bari ka ɗaga lambar ninkawa, sai dai ka ɗaga agogon tushen. Misali E6600, agogonta 266 ne sau 9, ya ba da gigahaz 2.4. In kana son 3.6, sai ka kai agogon 400. Matsalar ita ce ram na ɗaure da wannan agogon, yana hawa ram na hawa. Mai ram DDR2-533, wanda ainihin gudunsa 266 ne, tun kafin ya taɓa komai ya riga ya kai bango. Mai DDR2-800 kuwa yana da fili har 400. A wancan zamani, ram ɗin da ka saya shi ke yanke maka iyakar inda furosesarka za ta kai. Har gobe akwai irin waɗannan tsofaffin kwamfutoci a wasu shagunan buga takardu.

Daga baya abu ya canza. AMD ta shigar da mai kula da ram cikin furosesa tun Athlon 64 a 2003, Intel ta bi sahu a 2008. Sannan a 2011, lokacin su i5-2500K, ƙarin gudu ya koma kan lambar ninkawa kawai, agogon tushe ya zauna a 100. Sai mutane suka ɗauka ram ya fita daga maganar. Bai fita ba. Ku lura da abin da na faɗa: mai kula da ram yanzu a cikin furosesa yake zaune. A misalinmu, shugaban lebura ya tare a ɗakin inji. Zafin inji na dukansa, wutar da yake ci daga kason furosesa take fita. In ka matsa wa ram, ka matsa wa wani ɓangare na furosesa. In ka matsa wa furosesa ta yi zafi, shi ma ya ji a jikinsa.

To akwai abubuwa huɗu da za ka duba a ram.

Na farko, yawansa. Wannan shi ne faɗin filin gaban inji. In fili ya cika, sai Windows ta riƙa mayar da kaya sito tana sake ɗaukowa, kuma sito ya fi fili nisa nesa ba kusa ba. A nan ne kwamfuta ke yin wannan daskarewar da kowa ya sani. Wanda ram ɗinsa ke cika, ko ya kai furosesa gigahaz 5 ba zai ga canji ba. Ga aikin ofis da burauza, giga 8 na lallaɓawa. Ga editin bidiyo, a ganina 16 ce mafari, mai hali ya je 32.

Na biyu, layi. Kwamfutocin tebur na gida suna da layi biyu tsakanin ram da furosesa. Sanda ɗaya, layi ɗaya kawai take amfani da shi, ɗayan na zaune banza. Kowane layi na DDR4 yana ɗaukar bayit 8 a zubi ɗaya. Don haka ram mai 2666 a layi ɗaya, giga 21.3 yake iya turawa a daƙiƙa. A layi biyu, 42.6. Mai 3200 a layi biyu, 51.2. Kun tuna kashi 5 ɗin ɗazu? To nan faɗin hanya ninki biyu ake magana. Ba wai kowane aiki zai ninka sauri ba, a'a, amma aikin da ke jiran ram zai ji bambanci sosai. Kuma furosesa irin 5600G, wadda girafik ɗinta a cikinta yake, ba ta da ma'ajiyar hoto ta kanta, daga ram ɗin nan take ci. Ita ce ta fi kowa shan wahala a layi ɗaya.

Sai dai sanda biyu ba ita ce layi biyu kai tsaye ba. A madabod mai gurabe huɗu, biyun farko layi ɗaya ne, biyun ƙarshe ɗaya layin. In ka jera sandunan a biyun farko ko a biyun ƙarshe, duk a layi ɗaya ka zuba su. Yawancin madabod suna son gurbi na biyu da na huɗu in ka ƙirgo daga wajen furosesa, za ka ga an rubuta A2 da B2 a jiki. Duba littafin madabod ɗinka ka tabbatar.

Na uku, gudu da jinkiri. Lambar nan babba, 2666 ko 3200 ko 3600, ita ce yawan zubi miliyan nawa a daƙiƙa. Amma akwai ƙaramar lamba da 'yan kasuwa ba su cika faɗa ba, CL. Ita ce tsawon jiran da za ka yi daga lokacin da ka ƙwala wa yaro kira zuwa lokacin da ya miƙo kwanon farko. Ga yadda ake gane gaskiyarta: ka ninka CL sau 2,000, ka raba da gudun. Mai 3200 CL16, ya ba da nanosakan 10. Mai 3600 CL18, shi ma 10 cif. Mai 3600 CL16, kusan 8.9. Mai 2666 CL19, ya haura 14. Ko DDR5 mai 6000 CL30, 10 ne. Kenan in an ce maka wannan 3600 ne, ka ce CL nawa?

Masu Ryzen, akwai ƙarin magana. A cikin furosesar akwai wata hanya da ke haɗa sassanta, AMD na kiran ta Infinity Fabric, kuma an fi samun daɗin aiki in tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ram. A jerin Ryzen 3000 da 5000, inda aka fi samun wannan daidaito ba tare da wahala ba shi ne DDR4-3600, ita hanyar tana kan megahaz 1,800. In ka zarce inda furosesarka za ta iya bi, sai daidaiton ya warware, jinkiri ya ƙaru. Ka biya kuɗin ram mai tsada, ka samu aikin da bai kai na mai araha ba. A Ryzen 7000 mai DDR5, wajen 6000 ne wannan wuri. Intel ma tun ƙarni na 11 tana da irin wannan, Gear 1 da Gear 2. A nan za ka ga ram mai kyau shi kansa ƙarin gudu ne ga cikin furosesa, ko ba ka taɓa lambar ninkawa ba.

Na huɗu, haɗa sanduna mabambanta. Yawancin ƙwayoyin ram na duniya kamfanoni uku ke yin su, Samsung da SK Hynix da Micron, sauran saye suke su liƙa a sanda su buga sunansu. Don haka sanda biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya ma, in ba tare aka sayar da su cikin kwali ɗaya ba, ƙwayoyin ciki na iya bambanta. Wanda aka sayar biyu a haɗe, tare aka gwada su. In ka haɗa mai 2666 da mai 3200, ƙa'ida ita ce duk su sauko gudun mai rauni. Cika gurabe huɗu kuma ya fi nauyi ga mai kula da ram, shi ya sa sanda biyu manya suka fi huɗu ƙanana sauƙin kai wa gudu mai yawa.

Yanzu XMP. Da yawa ba su san cewa ram ɗin da aka rubuta wa 3200 ko 3600, in ka soke shi kawai, sau da yawa a 2133 ko 2400 ko 2666 zai tashi ba. Sai ka shiga bayos ka kunna XMP, wanda tsarin Intel ne. A madabod ɗin AMD za ka iya ganin sa da sunan DOCP ko A-XMP, a sababbi masu DDR5 kuma EXPO, wanda AMD ta fito da shi a 2022. Abin da nake so ku gane, XMP ɗin nan shi ma obakulokin ne. DDR4 a ƙa'ida bolt 1.2 yake ci, XMP yakan kai shi 1.35. Wasu madabod kuma suna ɗaga boltejin ɓangaren furosesar da ke kula da ram ba tare da sun yi maka sallama ba. Wannan ba tatsuniya ba ce. A 2023 an samu wasu furosesoshin Ryzen 7000 da suka ƙone saboda wannan boltejin ya yi yawa, har AMD ta sa aka fitar da sabon bayos da ya kafa masa iyaka a bolt 1.3. Wancan na da garanti, ya mayar aka canza masa. Kai da ka saya na hannu, aka sako maka a mota, wa za ka mayar wa?

Ba kowace kwamfuta ce ma ke yarda a ƙara mata gudu ba. A Intel, sai furosesa mai harafin K a ƙarshe, kamar 12600K, da madabod mai Z, kamar Z690. In ka sayi mai K ka ɗora a madabod mai H610, kuɗin K ɗin ya tafi a banza. Ƙarin gudun ram kuwa, tun B560 a 2021 Intel ta buɗe shi ga madabod masu matsakaicin kuɗi. A AMD yawancin Ryzen a buɗe suke, in dai madabod ɗin B ne ko X, amma A320 da A520 ba sa ƙara wa furosesa gudu. Su kuma kwamfutocin ofis na gwanjo da suka fi yawa a hannunmu, irin su OptiPlex da EliteDesk da ThinkCentre, bayos ɗinsu a kulle yake, yawanci ba XMP ba komai. Kar ka sai musu ram mai fitilu da tsada. Sai musu sanda biyu iri ɗaya na talaka, ka sa SSD, za ka sha mamaki. Ka kuma tabbatar da nau'in: DDR3 da DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna, tsagar da ke ƙasan sanda ba wuri ɗaya take ba. In ta ƙi shiga, kar ka danna da ƙarfi.

Sai maganar da Baturen YouTube ba zai gaya maka ba, domin shi bai san Yauri ba. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take hurawa. Shi ɗakinsa na wajen digiri 22. Kai a Maris da Afrilu, ƙarƙashin kwano, ana haura 40. Kenan da kaya iri ɗaya da saiti iri ɗaya, furosesarka ta fi tasa zafi da kusan digiri 18 tun kafin a fara. Furosesoshin nan iyakarsu na tsakanin digiri 90 zuwa 100, in sun kai nan sai su rage gudu da kansu don kar su mutu. Sannan zafi ba ya hawa daidai da bolteji, ninkin kansa yake bi. In ka ɗaga bolteji daga 1.2 zuwa 1.4, wutar da take ci na ƙaruwa da sama da kashi ɗaya cikin uku, tun ba a sa ƙarin gudun a lissafi ba. Shi ma ram in ya yi zafi, saitin da ya zauna lafiya da hunturu yana iya fara kuskure da bazara. Ga kuma ƙurar hunturun da ta toshe fanka tun Janairu ba a share ba.

Ga wuta. Ruwan da muke gani a Yauri shi ne ke gangarawa ya juya injinan Kainji, madatsar da aka kammala a 1968, wadda aka kafa wa injinan megawat 760. An tashi garuruwa da tsibirai, dubban mutane suka bar gidajen kakanninsu don a yi ta. Amma kowa a nan ya san yadda muke da wuta, yau akwai gobe babu. Yawancinmu da janareta ko sola muke aiki. Duk wat ɗin da ka ƙara wa furosesa, daga man janareta ko batirin inbata yake fita. Kuma kwamfutar da aka tura bakin iyakarta ita ce ta fi saurin faɗuwa in wuta ta yi rawa. A wajenmu, fawa-fak mai kyau da UPS sun fi gigahaz 0.2 daraja.

To mu koma kan taubashina. Washegari ya ɗauko kwamfutar a mota ya kawo Yelwa. Abu na farko, muka cire waya daga soket, muka cire ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, muka jira 'yan mintuna muka mayar. Bayos ya koma yadda ya zo daga kamfani. Muka buɗe CPU-Z, manhaja ce kyauta, ta nuna mana layi ɗaya yake aiki duk da sanda biyu. Muka mayar da su A2 da B2. Sannan muka sa MemTest86 a filas muka gwada. Ba XMP, ba kuskure ko ɗaya. Muka kunna XMP, furosesa na nan a saitin kamfani ba mu taɓa ta ba, kafin a je ko'ina kurakurai suka fara fitowa. Madabod ya ɗauki saitin sandar 3200 ya ɗora wa ta 2666, ita kuwa ba za ta iya ba. Ga ɓarawon nan.

Abin tsoro da kuskuren ram shi ne ba kullum yake kawo shuɗin allo ba. Wani lokaci shiru zai canza lamba ɗaya a cikin aikinka, ka ajiye fayil ɗin a haka, sai ranar da ka buɗe ka tarar ya lalace. Zafin da ya jibga wa furosesa kuma ya ƙara dagula lamarin. Da yake abu uku ya canza a zama ɗaya, ba yadda za a yi ya san wanne ne ya kayar da shi.

Muka bar ram a 2666, layi biyu, furosesa a yadda take. Allah ya taimake shi bai goge katin kyamara ba. Ya sake fitar da bidiyon a nan ɗakina, ya fita lafiya, kuma ya fi saurin lokacin da yake taƙama da 4.6, ko ba agogo za ka gane. Ya kalle ni ya ce, "Yaya, wato duk wahalar banza na yi?" Na ce injiniya, ai kai ka faɗa. Ya kai aiki a makare da kwana uku, ya ba da haƙuri, ya rage musu kuɗi. Daga baya ya sayar da sandunan biyu, ya cika ya sayi na kwali ɗaya, 8 biyu, 3200 CL16, wanda shi ne gudun da AMD ta rubuta wa furosesar tasa a hukumance.

Wanda duk da haka yake son gwada ƙarin gudu, ban hana ka ba, da gwaji ake koyo. Amma ka bi tsari. Fara da kwafe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri. Gwada kwamfutar a saitin kamfani ka rubuta zafinta da makinta, HWiNFO na nuna zafi, Cinebench na ba da maki. Sai ka kunna XMP kaɗai, ka bar MemTest86 ya zagaya sau huɗu. Kuskure ɗaya ma ya isa ka rage gudu, misali daga 3600 zuwa 3200. In CPU-Z ya nuna maka 1,600 alhali 3200 ka saya, kar ka tayar da hankali, rabin lambar yake nunawa. Sai ram ya zauna daram, sannan ka taɓa furosesa, mataki ɗaya-ɗaya, kana gwadawa da OCCT ko Prime95. Kuma ka yi gwajin da tsakar rana lokacin zafi, ba da asuba ba. A yanayinmu ma, rage wa furosesa bolteji kaɗan ya fi ƙara mata amfani sau da yawa, domin in ta yi sanyi da kanta take daɗewa a saman gudunta. Sannan kar ka taɓa yin gwaji da aikin mutane a kan kwamfutar.

Mai shirin saye kuwa, ga yadda zan raba kuɗin in ni ne. Gara furosesa matsakaiciya da ram sanda biyu na kwali ɗaya da SSD da fawa-fak na kirki, da a ce ka zuba komai a furosesa mai K ka ƙare da sanda ɗaya. In daga Kano ko Legas za a sako maka, ka ce a turo hoton takardar da ke liƙe jikin sandar, ka karanta giga nawa, gudu nawa, CL nawa, bolt nawa. Kaya na isowa, a ranar ka gwada, kar ka bari sai bayan wata.

Abu na ƙarshe. Yaron nan da bai samu wanda zai duba masa ba, da ya sayar da furosesa mai lafiya a wulaƙance, ya sayi wata, matsala na nan inda take. Irinsa nawa ne tsakanin Shanga da Ngaski? Mu da Allah ya ba ɗan sani, mu daina ɓoye shi kamar lakanin kamun kifi. In kana da shago, ka bar yaro ya tsaya kusa da kai in kana buɗe kwamfuta. In ka san mai shirin haɗa tasa, tura masa wannan rubutu kafin ya tura kuɗi. Mai tambaya kuma ya rubuto sunan furosesarsa da madabod da abin da ke jikin ram ɗinsa, za mu duba tare.

A shiri na gaba in Allah ya kai mu, za mu yi maganar fawa-fak da UPS da inbata, da yadda za ka lissafa wat nawa kwamfutarka ke ci kafin ka sayi batiri. Taubashina, na san kana ji, ka share fankar nan. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.